Neman Jar Dawar Kawu a Ƙasar Safana

Mun tashi da asuba daga Katsina ranar Asabar ɗin da ta wuce, mu uku: ni, da abokina mai motar, da Kawu, ƙanin mahaifiyata. Ku da kuke bibiyata kun san halina, da na samu hutun kwana biyu sai ƙafa ta fara ƙaiƙayi. Na kai ku Yankari, na kai ku Maraɗi, har Masar na taɓa jan ku kuka sha hotuna sai da kuka gaji. Amma Batsari da Safana da ke nan bayan gidanmu, ban taɓa zuwa da sunan buɗe ido ba. Wannan karon ma ba don Kawu ba, da Kano na nufa.

Kawu manomi ne, mutumin wata 'yar unguwa gaba da Zakka. Shekarun tashin hankalin nan ne suka koro shi birni, bayan an ƙone masa rumbuna. 'Ya'yansa suna riƙe da shi, ci da sha bai rasa ba, amma abu ɗaya ya hana shi barci: irin dawarsa. Wata doguwar jar dawa ce da ya gada wurin mahaifinsa, shi ma ya gada wurin nasa, kowace kaka a zaɓi zangarniyar da ta fi kyau a rataye don shukar baɗi. Duk ta tafi a wutar nan. Tun da aka fara cewa hanya ta yi sauƙi, mutane suna komawa gona, ya hana ni sakat. "Kai da kake yawon duniya, kai ni in nemo irina," in ji shi. "Iri in ya daɗe ba a shuka ba mutuwa yake. Kada a ce a hannuna ta ƙare." Sai da muka yi ta waya da 'yan uwa na can, suka ce a zo amma a juya tun da sauran rana, sannan na yarda.

Hanyar Batsari ba laifi, kwalta ce, sai dai akwai wuraren da rami zai gaishe ka ko ba ka neme shi ba. Mun wuce shingayen jami'an tsaro da dama, kowanne a leƙo, a ga farin gemun Kawu, a ce Allah ya kiyaye hanya. Abokina ya ce daga yau ba ya ƙara tafiya sai da tsoho a gidan gaba.

Gari na wayewa hira ta mutu a bakina. Jama'a, ashe haka ƙasar nan take da kaka? An riga an yanke gero, dammuna jingine a gonaki, wake ya shimfiɗu kore shar, ga gawo da ɗorawa jefi-jefi, ga raɓa tana ƙyalli a kan ciyawa. Sai kuma duwatsu. Wani ƙaton dutse ya hau kan ƙarami ya zauna, ka rantse da ka tura shi da yatsa zai gangaro, amma Kawu ya ce tun yana yawo ba wando haka ya gan shi. Na sa aka tsaya na ɗauki hoto, na sake sawa aka tsaya, a na ukun Kawu ya ce in dai dutse zan tsaya wa, to mu nemi wurin kwana.

A Batsari muka karya. Rogo dafaffe mai gari, da ƙuli-ƙuli da yaji, wurin wani mutumin ƙauyen Darini da ya kawo shi da zafinsa, sai shayi mai kauri a gefen tasha. Abin da na biya mana mu uku bai kai kuɗin ruwan gora biyu a filin jirgi ba, kuma har azahar ban sake tuna abinci ba. Garin a cike yake, babura, amalanken shanu, buhunan dankali tsibi-tsibi. Na zaci zan tarar da mutane a tsorace, sai na tarar da su suna ciniki suna tsokanar juna.

Kawu ko shayinsa bai ƙarasa ba ya nufi 'yan hatsi. Na bi shi ina kallo. Kowane buhun dawa zai ɗiba, ya murza a tafin hannu, ya kai ƙwaya ɗaya baki ya ciza, ya girgiza kai ya mayar. Ni duk dawa ɗaya ce a idona, fara ko ja. Wani mai awo ya saurari kwatancensa, ya ce, "Baba, na san ta. Amma rabon da in ga tsabarta a kasuwar nan har na manta." Kawu ya yi masa godiya, muka koma mota.

Daga nan muka ɗauki hanyar ƙasar Safana, can gaba muka bar kwalta. Abokina yana lallaɓa motarsa yana mita, wai ba don wannan ya saye ta ba. A Zakka muka ajiye ta. Dattawan da ke zaune ƙarƙashin wata ceɗiya suka gane Kawu tun daga nesa, suka miƙe. Gaisuwa kuwa na sha ta. An tambayi gajiya, an tambayi iyali, an tambayi birni, an yi ta'aziyyar waɗanda suka rasu ɗaya bayan ɗaya, an koma kan gajiya. Aka kawo fura da nono a ƙwarya, mai tsami daidai, wadda ba a yi mata rowar gero ba. Sai bayan an sha ne Kawu ya faɗi abin da ya kawo shi.

Babbansu, wani tsoho mai sanda, shi ya ba da amsa. "Malam, ai doguwar dawa mun bar ta tuni. Karanta yana ɓoye mutum har da babur ɗinsa, wa zai shuka ta kusa da gida a wancan lokaci? Ga ta da jinkirin nuna. Duk mun koma gajera, mai saurin zuwa, a yanke a gudu da ita. Tawa da na ajiye ƙwari suka cinye." Aka aika gida biyu uku a tambayo, kowa amsarsa ɗaya. Na dubi Kawu, sai na ga ya tsufa a zaune. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, har furar ta fita raina.

Ya ce tunda an zo, bari ya ga kufansa. Muka hau babura, tafiya kaɗan ce. Wasu gidaje an dawo an yi musu sabon jinka, nasa kuwa katanga ta zube, gonarsa sabara da tafasa sun cinye. Ya zagaya, ya yi addu'a, ya ce mu tafi. To bayan unguwar akwai wani dutse mai faɗi, ni kuma kun san ni, ba zan ga dutse in wuce ba. Na roƙe shi ya jira ni in hau in sauko. Ya harare ni, ya naɗe bakin rigarsa, ya ce ai ni ban san hanyar hawansa ba. Tsohon nan shi ya shige gaba, ni da takalmin yawon buɗe idona ina baya ina haki, abokina ya ce shi zai tsaya ƙasa ya yi mana addu'a.

Da muka kai sama, ban san lokacin da na ce Allahu Akbar ba. Ƙasa ta buɗe ta kowace fuska. Gonaki sun jeru har inda ido ya gaza, wata ƙorama ta ratsa su tana walƙiya, garken shanu farare suna gangarawa ruwa, can yamma kuma dajin Rugu ya ja baƙin layi daga wannan gefe zuwa wancan. Wannan dajin da muke jin sunansa gabanmu ya faɗi, ga shi kwance lafiya lau, shaho yana shawagi a kansa. Iska mai sanyi tana kaɗawa, ba ka jin komai sai kukan kurciya da sautin sussuka daga wani gida can ƙasa. Na hau dogayen benaye a ƙasashen mutane, na biya kuɗi don in leƙa, amma ban taɓa jin ƙanƙantar kaina irin ta ranar ba. Wayar tana hannuna na manta da ita.

Sai na ji Kawu ya damƙi hannuna. Yana nuna hayin ƙoramar, kusa da wata ruga. A tsakiyar gajerun gonaki akwai wata 'yar gona da ta fi kowacce tsawo, kawunanta jajaye, sun sunkuyo ƙasa. "Ita ce," in ji shi. Na ce Kawu, daga nan? Ya ce, "Ɗanka in yana cikin kasuwa sai an nuna maka shi? Dubi wuyanta."

Na zaci zai sauka da gudu, sai ya nemi wuri ya zauna. Ya gaya mini ko rugar wa ce. Wani Bafulatani ne, tsohon maƙwabcinsa, wanda a da kowace shekara bayan girbi shanunsa ke kwana a gonar Kawu su zuba taki, shi kuma Kawu ya ba shi dammunan dawa. Tun da abin nan ya ɓarke, Bahaushe ya daina shiga ruga, Bafulatani ya daina shiga gari, ba su sake haɗuwa ba. "Ban san me ke zuciyarsa ba," Kawu ya ce, "shi ma bai san me ke tawa ba." Rana ta fara karkata, masu babur suna ɗaga mana hannu daga ƙasa. Ba zan ɓoye muku ba, tsoro ya kama ni, kuma na so ya ce mu haƙura. Ya daɗe yana kallon gonar, sannan ya miƙe ya karkaɗe rigarsa.

Masu babur suka ce sun san gidan, ba matsala, amma a bakin ƙorama za su jira. Muka tuɓe takalma muka haye. Kawu ya yi sallama daga nesa. Wani dogon tsoho siriri ya fito daga bukka, ya kare ido da hannu, ya tsaya cak. Har na fara lissafin hanyar komawa. Sai ya ce, "Maƙwabci? Kana da rai?" Suka riƙe hannun juna suka ƙi saki, suna gaisawa suna maimaitawa, kowa hawaye na bin gemunsa. Shi ma ashe an kwashe masa shanu, shi ma ya yi gudun hijira, bai daɗe da dawowa ba.

Kawu ya fara kame-kame, yana neman yadda zai roƙi iri. Tsohon ya katse shi. "Kai da abinka? Cikin dammunan da kake ba ni ce. Da za mu gudu mai ɗakina ta cusa zangarniya kaɗan a cikin kayanta, duk inda muka sauka sai mun shuka. Kasuwa ta gagare mu shiga, balle mu sayi sabon iri, ita kaɗai gare mu. Yaran gidan nan da sunanka suke kiranta." Ya shiga ya fito da 'yar wuƙa ya miƙa masa. "Sai dai tana raguwa a hannuna, ni makiyayi ne, ban iya zaɓe ba. Shiga ka zaɓar mana, ni da kai."

Na bi shi cikin gonar. Karan ya ninka tsawona, sama ta ɓace, sai jajayen kawuna suna lilo a kanmu. Kawu yana tafe yana ɗaga kai, ya wuce wannan, ya wuce waccan, ya tanƙwaro ɗaya ya auna nauyinta a hannu, ya yi bisimilla ya yanke. Mutumin da aka ce gwiwa ta hana shi zuwa masallacin Juma'a da ƙafa, ga shi yana tsallake kunyoyin gona kamar saurayi. Da ya gama ya raba biyu daidai, ya ɗaure kowanne, ya nuna wa maƙwabcinsa yadda zai rataye nasa inda hayaƙi ke kaiwa.

Mun bar Zakka da sauran rana kamar yadda aka ce mana, muka biyo ta Safana da Dutsin-Ma. Kawu ya ƙi a sa ƙunshinsa a bayan mota, a cinya ya rungume shi har Katsina. Abokina ya ce ko jariri iyakar gatan da za a yi masa ke nan.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, na farko, na yi shekaru ina biyan kuɗin jirgi don in ga ikon Allah, alhali ga shi nan a inda mota ke kai mutum kafin hantsi. Na biyu, abin da ka fid da rai da shi, wani lokaci yana hannun wanda kake tsoron gaisarwa. Wanda zai je, ya fara tambayar mutanen wurin, ya bi abin da suka ce.

A ƙofar gidansa Kawu ya zare zangarniya ɗaya, wadda ta fi kowacce girma, ya ɗora mini a hannu. Na ce Kawu, ni da nake zaune a bene, ko tukunyar fulawa ban da ita? Ya ce, "Ni kwanana ya kusa ƙarewa. Gonar kakanka tana can, ka ga hanya. Ka dai tuna, dawar nan ba ta jiran mutum."

Tana nan rataye a ɗakina, saman durowar da nake ajiye fasfo. Jiya na aika a tambayo mini wanda zai sassabe sabarar nan kafin ruwan farko.