Kunyar Yaya Garba

Duk wadda ta taɓa fasa tukunya a ƙauyen nan ta san yayana Garba. Kafin ki gama salati yana ƙofar gida da buhunsa, ya zo karɓar tsingaro. Da shi yake yi wa kaburbura alama a tsohuwar maƙabartarmu. Da mata suka koma roba, sai da ya yi mako yana fushi da mu, wai mun daina fasa abin kirki.

Ku yara ba ku san dalili ba. Da aka haƙa kanal ɗin noman rani, ta tsakiyarmu ya bi. Gidaje suka faɗa ɓangaren Kura, maƙabarta ta faɗa Bunkure, gonakin tumatur suka kewaye ta. Kowa ya koma binne nasa a sabon wuri, ban da Yaya. Kullum da hantsi sai ya tsallaka ya gaida iyayenmu da sunayensu. Kanal ɗin kuwa, har Yaya ya mutu baƙo yake ce masa.

Wata shekara masu rubuta sunaye suka zo, suka tambaye shi ko shi ɗan Kura ne ko ɗan Bunkure. Ya ce, "Da raina ina Kura, in na mutu ina Bunkure. Rubuta inda zan fi daɗewa."

Rigimarsa babba da Sule ce, mai gonar da ke jikin maƙabartar. Duk rani sai Sule ya ƙara kunya guda wajen kaburbura, yana zaton ba mai lura. Ni na lura, daga bakin kanal nake ƙirga su. Na faɗa wa Yaya, ya ce ya riga ni. Ranar Juma'a ya tare Sule gaban jama'a, ya gaishe shi, ya tambayi iyali, sannan ya ce, "Sule, noman naka da ban mamaki. Duk kunyar da ka ƙara a gona, sai ta ragu a idonka."

Aka yi dariya, Sule ya ce, "Baba, ai taku ɗaya ne." Yaya ya ce takun nan ɗaya a kan ƙafar Innarmu ya tsaya. Sule ya rushe kunyar, amma da rani ya zagayo ya mayar da rabinta.

Na sha yi wa Yaya faɗa, na ce in ya mutu fa, wa zai tsaya? Bai taɓa ba ni amsa ba. Ashe liman ya ba wa. Da ya cika, maza suka tsallaka da shi, suka sa shi inda ya nuna: can gefe, daf da kunyar Sule, gaban kabarin Inna. Mai son ƙara taku sai ya fara bi ta kansa.

Rani uku ke nan ina ƙirgawa, kunyar ba ta motsa ba. Bara ma matar Sule ta aiko a kai wa kabarin Yaya tsingaro.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya, Ya yalwata maka makwancinka yadda ka hana a ƙuntata na wasu.