Muryar Baba da Tsuntsayen Shinkafa

Na kasa zama a shagon mai kwamfuta na Kura, sai kai-komo nake. Kaset na kawo masa, wanda 'yan rediyo suka naɗi karatun marigayi mahaifina a ciki, ya juye min a faifan CD yarana su ji muryar kakansu.

Ya buɗe, ya ɗago kai. "Malam Sale, ina sauran zaren?"

Sai na tuna. Bara da tsuntsayen jan-baki suka sauka a shinkafata, na zare kasa-kasai na ɗaɗɗaura a gona, ƙyallin ya kore su. Mai ilimin aji huɗu, ban tsaya duba rubutun jiki ba.

"Tsuntsaye sun saurara," na ce.

"Minti ɗaya ya rage. Babu karatu a ciki."

Ya kunna. Sai ga Baba ya yi gyaran murya: "Kai Sale, ba ka da natsuwa! Fita ka ba mu wuri!"

Na ce ya juye min shi haka.

Da na kunna a gida, yara sai dariya suke. Ni na kasa.

Ku da iyayenku suka rasu, me ya rage muku na muryarsu?