Zane Uku a Bayan Takalmin Birki

A layin masu sayar da kayan gyaran mota, shagon Baba Mai Birki ne ya fi kowanne ƙanƙanta, kuma daga cikinsa aka fi fita rai a ɓace. Shekara talatin da huɗu yana zaune a kan kujerar ƙarfe guda, wadda ya ɗaure ƙafarta da waya. Ba ya sayar da komai sai kayan birki: takalmin birki, wanda 'yan gareji ke kira fad, da faifan da takalmin ke matsewa, da man birki a 'yan kwalabe. Maƙwabtansa sun faɗaɗa, sun sa gilashi da fanka, shi kuwa ko fentin ƙofarsa bai taɓa canzawa ba.

Dokarsa ɗaya ce, ba ya sayar maka da sabon takalmi sai ka kawo tsohon. Ko sauri kake yi, ko motarka na rataye a kan jak, ko ka rantse ka san lambar kayan, zai dube ka ta saman tabarau ya ce, “Ina tsohon?” Har 'yan layin suka laƙaba masa Ina-Tsohon, amma a bayan idonsa, don babu mai ƙarfin halin kiransa haka a gabansa. Hujjarsa ita ce mota biyu na iya zama iri ɗaya, fenti ɗaya, shekara ɗaya, amma takalminsu ya bambanta da ɗan kunne guda, kuma shi bai ga dalilin da zai sa a yi masa yawo da kaya ana dawowa da su ba.

Wannan ita ce hujjar da yake faɗa. Gaskiyar magana kuwa, karanta su yake yi. Yakan juya tsohon takalmi a tafin hannunsa, ya shafa shi da babban yatsa, ya kai shi hanci. Sabo kaurinsa ya kai ɗan yatsa. In ya koma kamar bakin tsabar kuɗi, ya gama aiki, kuma akwai wani ɗan ƙarfe a gefensa da ke fara kuka don ya tunatar da mai mota. In na ciki ya fi na waje cinyewa, to abin da ke matse su ya cije, sabo ma haka zai cinye cikin wata biyu. In fuskarsa ta yi sheƙi kamar kwalba, mai motar na ɗora ƙafa a kan birki tun daga saman gangara har ƙasa. In ya yi layi-layi, faifan ne ya ƙuje. Duk wannan zai faɗa maka ko ba ka tambaya ba, ya ƙara da cewa ba a canza na taya ɗaya a bar ɗayan, sai dai in kana son motar ta riƙa ja gefe. Wani direban tasi ya taɓa kawo masa wanda ya cinye har ƙarfe, sai Baba ya ajiye shi a kan kanta ya tambaye shi ko yana da iyali. Mutumin ya ce yana da 'ya'ya huɗu. Baba ya ce to ai bai ga alama ba.

Kowane takalmi da zai fita daga shagonsa, sai ya ɗauki ƙusa ya yi masa zane uku a bayan ƙarfen. Kayan jabu sun cika kasuwa, masu marmashewa in sun ji zafi, kuma ba ya son a kawo masa na wani a ce nasa ne.

Mutum mai irin wannan hali ba ya tara abokai. Da matarsa na da rai ita ce ke gyara masa abin da bakinsa ya ɓata, ta bi maƙwabta da fara'a. Da ta rasu sai gidan ya rage shi da ɗansa guda ɗaya da matar ɗan, kuma ba a yi shekara ba aka raba gari. Ɗan ya samu aikin raba kayan wani kamfani a wani gari mai nisan tafiyar yini, ya ce ba zai gaji shagon ba. Baba bai iya cewa kada ka bar ni ni kaɗai ba, bakinsa bai saba da irin wannan maganar ba. Abin da ya fito shi ne, in ya taka ƙafarsa ya tafi, to babu abin da zai sake haɗa su sai ciniki. Ɗan kuwa jininsa ne, taurin kan iri ɗaya. Ya ɗaure kaya a motarsa ƙarama, ya ɗauki matarsa, ya tafi.

Wata shida babu waya, babu saƙo. Ranar wata Alhamis sai ga direban motar haya da ke bin hanyar garin da ɗan ya koma, wani dogo mai yawan dariya, ya ajiye ƙunshin jarida a kan kanta. Tsofaffin takalman birki ne, da zane uku a bayansu. Direba ya ce wani kwastoma ne ya aiko, yana son sababbi. Baba ya gane su tun kafin ya gama buɗewa, don shi ya ɗaura su a motar ɗansa da hannunsa. Ya daɗe yana juya su, sannan ya ɗauko sababbi ya zana, ya ce a gaya wa kwastoman ya daina bari sai ya zo gab da mota sannan ya danna birki. Mako na zagayowa Direba ya kawo amsa: kwastoma ya ce an ji.

Haka aka yi shekara shida. Duk wata biyar ko shida ƙunshi zai zo, Baba ya karanta, ya aika da faɗa, a dawo masa da an ji. Ba ya zubar da tsofaffin kamar na sauran mutane. A ɗakinsa akwai wata kanta da matarsa ke jera kwanuka, nan ya jera su bi da bi. In ya dawo daga shago ya ci abin da ya sayo a hanya, yakan kunna rediyo don a ji motsin mutum a gidan, ya sauko da guda ɗaya yana dubawa. Ya san shekarar da aiki ya yi wa ɗansa yawa, don takalman sun ƙone har sun yi shuɗi. Ya kuma san ranar da abin ya canza. Wani ƙunshi ya zo, cinyewar ta yi daidai sumul, ba ƙuna ba sheƙi, sai ya ce wa Direba yaron nan ya fara ɗaukar wani abu a mota da yake tsoron ya girgiza. Direba ya yi dariya har da dafa kanta, ya ce ai matar yaron ce ke da ciki, haihuwa yau ko gobe. Baba ya so ya ce abubuwa da yawa, amma saƙon da ya bayar shi ne a ce wa kwastoma wannan karon tuƙin ya yi kyau.

A shekara ta bakwai ne ya yi kuskuren da sai gwani irinsa zai yi. Ƙunshi ya zo kamar kullum, ya buɗe, ya juya bayan takalmin, babu zane. Ya goge da tsumma, ya kai shi bakin ƙofa wajen haske, babu. Girman daidai ne da na motar ɗansa, amma kamfanin da ya ƙera shi daban, kuma cinyewar ta karkace gefe guda, abin da motar ba ta taɓa yi ba. Da wani mai shago ne, ko kallon bayan ba zai yi ba, sai ya miƙa sabo a wuce wurin. Baba kuwa nan take ya yanke hukunci cewa yaron ya fara saye a wani wuri, yanzu kuma ya kwaso na wani ya aiko masa don raini. Cinikin nan shi ne abu ɗaya da ya rage a tsakaninsu, ga shi an kai wa bare. Ya naɗe ƙunshin ya tura wa Direba, ya ce a mayar masa, ya je ya saya inda ya sayi wannan. Direba ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya fasa, ya ɗauka ya fita.

Daga nan ƙunshi ya daina zuwa. Direba na wucewa ta layin duk Alhamis don sayen kayan motarsa, yana leƙowa ya gaishe shi, Baba kuma kafin ya amsa gaisuwar sai ya fara duban hannunsa. Wata takwas yana duban hannun nan. Faɗansa da masu saye ya ragu, har wani ya zo ba tare da tsohon ba, ya kusa sayar masa. Mai taya na kusa da shi ya ce wa mutane Ina-Tsohon ba shi da lafiya. Lafiyarsa ƙalau, kewa ce kawai, kuma ba shi da wanda zai faɗa wa.

Wata Alhamis da hantsi Direba ya shigo, bai tsaya a bakin ƙofa ba, ya jawo jarka ya zauna. Ya ce an roƙe shi kada ya faɗa, amma shi ya gaji da yadda ake duban hannunsa.

“Baba, motar nan babu ita. Kamfanin ya rage ma'aikata har da ɗanka, sai ya sayar da ita tun kafin ƙunshin nan na ƙarshe. A ƙafa yake yawo yanzu.”

Baba ya ce, “To takalmin fa?”

“Akwai gareji a bayan tasharmu. Da idona na gan shi a durƙushe a kan tulin tsofaffin kaya, ya fi awa yana tonawa, yana neman mai girman na motarsa. Na ce masa me za ka yi da sabo, ba ka da mota? Ya ce ajiyewa zai yi. Ya ce lokacin aikowa ne ya yi.”

Baba ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Shi da ke gane cikin mace daga jikin takalmin birki, ya karanta komai daidai a ranar: ba zanensa, ba motar ba ce, ba ƙafar ɗansa ba ce. Abu ɗaya ne bai tambayi kansa ba, me zai sa mutum ya aiko da na wani daga tafiyar yini guda. Kunya ta kama shi, irin wadda bai ji ba tun yana yaro. Can ya tambayi abin da yaron ya ce da aka mayar masa. Direba ya ce yaron ya dai tambaya ko akwai wani saƙon bayan wannan, da aka ce babu sai ya sa ƙunshin a hammata ya tafi.

Baba ya tashi ya hau kan kujerar ƙarfen, ya sauko da kwali daga kantar sama. Ya ɗauki ƙusa ya yi zane uku a bayan kowane takalmi, a hankali. Ya naɗe su a jarida ya ɗaure da roba. Direba ya karɓa, ya so ya sauƙaƙa abin da wasa, ya ce, “Yau kuma ba a tambayi tsohon ba, Baba?”

“Ka ce masa ya aiko da shi,” in ji Baba. “Ko na wace mota ne, zan duba.”

Direba ya fita. Baba ya koma kan kujerarsa, ya mayar da ƙusar cikin gwangwani. Da yamma da ya isa gida, ya matsar da takalman da ke kan kantar kwanuka, ya goge ƙurar wurin da tafin hannu, ya bar gurbi guda a ƙarshen layi. Saura kwana bakwai Alhamis.