Ranar da Kusumalata Ba Ta Kisa

"To sai ki zuba musu ido su cinye ta, Akka," in ji Hemasiri, yana kaɗa wa yayarsa kwalbar magani. "Tsomawa ɗaya fa, an gama."

Kusumalata ta ce ya mayar da kwalbar inda ya ɗauko ta. Yau Poya ce, ranar cikar wata, kuma tun tana yarinya ko sauro ba ta kashewa a wannan rana. Fararen kayan ibada ma na jikinta. Za ta fita wurin ibada ne ta leƙa tankin gilashi, abin da ta gani ya tsayar da ita.

Duk garin Weligama an san ta da renon murjani mai rai, irin wanda ke tsirowa a ƙarƙashin teku. Mijinta ya rasu ya bar mata rumfa da tankuna, da uwar murjani guda, ja, mai faɗin faifai. Daga jikinta take ɓallar ƙanana ta rena, da su ta riƙe gida har yara suka girma. Yanzu gefen uwar ya yi fari fat kamar ƙashi. Da ta kifa ta, sai ga ɓarayin: dodon koɗi marasa gida, farare, ba su kai ƙwayar shinkafa ba, ga ƙwansu manne a lungu.

Hemasiri ya ce kafin gobe farin zai ƙaru. Ta san gaskiya ya faɗa.

Ta samo gashin kaza, ta zauna tana share su ɗaya bayan ɗaya cikin kwano, da ransu. Gefen da ke da ƙwai ta ɓalle shi, ta jefa musu, ta ce ga rabonsu. Amma wasu sun shige ramukan da gashi ba ya kaiwa.

Sai ta tuna da ɗan kifi rawaya da ya daɗe a tankin nan yana tsince-tsince. Kwanakin baya Hemasiri ya kyautar da shi ga mai shayin bakin titi, wai yana tayar da yashi. Tun daga nan ɓarnar ta samu ƙofa. Ta ɗauki bokiti ta je da kanta. Mai shayi ya so ya ja, ta tsaya masa da fararen kayanta har kunya ta kama shi, ya miƙo mata kifin.

Da ta mayar da shi tankin, kifin ya huce daga tsoro, ya zagaya uwar, ya fara caccaka.

"Oho, ke ba kya kisa, amma kin ɗauko mahauci," in ji Hemasiri.

"Ni masauki na ba shi, Malli ƙanena. Abin da zai ci, tsakaninsa da cikinsa."

Kafin wata ya sake cika, ja ya fara rufe inda aka ɓalle. Kusumalata ta kifa uwar a gaban ƙanenta, ta sa shi ya duba lungu-lungu: babu ko ɗaya. Ya ce ai da hannunsa a nasarar, don shi ya ji da ɓarayin cikin kwanon washegarin Poya. Ta ce wannan ba ta tambaye shi ba, kuma in ya sake kyautar mata da kifi, shi za ta saka a tankin ya yi tsincen.

Ta ɗauki jarkoki biyu, ta nufi bakin teku ɗebo sabon ruwa.