Raƙuman da Hajiya Gaisha ta ƙi karɓa

Litinin: Damagaram zuwa Agadas

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba kar ɗinmu, babbar motar fasinja, ta bar Damagaram. A kan cinyata akwai tablo shida, wato zanen fenti a kan yadi, a naɗe, aikin shekara guda, duka raƙuma ne da faɗuwar rana. Wani abokina ya haɗa ni da Hajiya Gaisha, wadda ke sayar da aikin masu zane da maƙera a tsohon garin Agadas. Na ƙudurta in ita ma ta ƙi su, zan ajiye fenti in koma ɗinki wurin kawuna.

A Tanut muka karya da shayi da burodi. A shingen Adarbisanat jandarma ya sa na buɗe naɗin, ya daɗe yana kallo, ya tambaya ko ina zana mutane, don yana son na mahaifiyarsa. Kilomita wajen ɗari huɗu da hamsin muka ci, muka shiga Agadas bayan la'asar. Daga bayan kabu-kabu na hango hasumiyar babban masallaci, jar laka tsaye tana tsinin sama, itatuwa sun fito ta jikinta. Na zana ta sau da yawa daga hoto, amma ban san haka take sauya launi da rana ba. Na ce da mai kabu-kabu ya tsaya.

Talata: shagon Hajiya

Ƙarfe tara na shimfiɗa mata aikina. Da farko ta yi mini faɗa don na naɗe yadin, fentin yana ciki, ta ce haka yake tsagewa, a waje ake barinsa. Ta juya bayan kowanne, ba suna, ba shekara, ba lambar waya. Sannan ta ce, "Ɗana, raƙuman nan a waya ka gan su. Ko ɗaya bai taɓa jin ƙishirwa ba."

Ina tattara kaya littafin zanena ya faɗi, ta ɗauka tana buɗawa. A kan majeman unguwarmu ta tsaya, waɗanda na zana da gawayi suna wankin fata. Ta tambayi dalilin da ban kawo irinsu ba, na ce na ɗauka ba mai saye. Sai ta kira ƙanenta Agali, tsohon jagoran baƙi, ta ce gobe ya kai ni wurin dutse.

Laraba: dutsen

Mun bi hanyar Arlit da ƙarfe shida, guzurinmu cuku da dabino, tafiyar sa'a uku. Muka hau wani falalen dutse, Agali ya ce in dubi ƙarƙashin ƙafata. Raƙumin dawa ne sassaƙe, tsawonsa ya fi nawa sau uku, kowane zanen fatarsa an fitar da shi, har gashin wuya. A wurin da yau ba ruwa ba ciyawa! Na zauna a gefensa. Agali ya ce mai aikin nan sai da ya gaji da kallon dabbar kafin ya ɗauki makami.

Alhamis

Na gaya wa Hajiya cewa ai shi mai dutsen bai sa sunansa ba. Ta yi dariya ta ce, "Shi dutse ya samu. Kai yadi gare ka, da cikin da za ka ciyar."

Muna shan shayi ta jera mini sauran: in ɗauki hoton kowane aiki da hasken safe kafin ya bar hannuna, in adana lambar duk wanda ya saya, kada in sauya farashi don na ga fuskar baƙo, kuma ranar da na yi alkawari in cika ko da aikin bai kai yadda nake so ba. Raƙuman ta mayar mini. Amma ta ba ni aikin tablo huɗu na mutanen Damagaram, kafin Babbar Sallah.

Juma'a: gida

Na iso bayan magariba lafiya, na gode wa Allah, na gode wa Hajiya da Agali da ba su sassauta mini ba. Washegari da safe na sami Inna tana dama fura, na roƙe ta ta bari in fara zanen da ita. Ta harare ni ta ce ba ta da lokacin wasa. Can kuma ta ajiye ludayi, ta ce in jira ta sake ɗankwali.