Tabarmar da Ba a Yanka Ba

Ko zan manta da komai na ƙuruciyata, ranar da muka kai tabarma Gashuwa ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Makarantarmu ta kuɗi ce, tsohuwa sosai a Nguru, don mahaifina ma a can ya yi karatu. Wani dattijo ne ya kafa ta, muna ce masa Baba Malam. A rumfa ya fara, babu benci ko ɗaya, sai tabarmin kaba, yara biyu-biyu a kan kowace. Da aka samu gini da kujeru bai yar da al'adar ba. Duk sabon ɗalibi sai a haɗa shi da wani a ba su tabarma guda, a kanta za su yi salla, su ci abinci, su yi bita har su gama. Ranar yaye kowa ya riƙe gefe ɗaya, Baba Malam ya sa wuƙa ya raba ta biyu, kowa ya tafi da rabinsa. Ko ka karɓi takardar shaida, in ba a yanka maka tabarma ba, a wurinmu ba ka gama ba.

Ni ɗan 'yan kasuwa ne, kakannina daga Kano, ga ni da ji da kai. Sai aka haɗa ni da wani ɗan masunta, ɗan Bade daga Gashuwa. Ranar farko na toshe hanci na ce tabarmata za ta yi ƙarnin kifi. Ko a jikinsa. Ya ce, "Ɗan Kano, ni dai roƙona kada ka sayar da ita kafin mu gama." Tun daga nan muka shaƙu, har hutu ya zame mini abin haushi.

Muna ajin ƙarshe ƙafafunsa suka fara kumbura. Aka ce ciwon ƙoda ne, mahaifinsa ya zo ya tafi da shi gida. Yaye ya matso, labarin da ke zuwa kuma ba mai daɗi ba ne. Ga ƙa'ida: ba a yanka tabarma sai masu ita duka suna riƙe da ita, kuma ba ta fita ƙofar makaranta ba a yanka ba. Tsorona kada ya rasu bai gama ba.

Na je na durƙusa gaban Baba Malam, na ce a taimaka a yanka, a aika masa da rabinsa.

"Wa zai riƙe masa gefensa?"

"Ni zan riƙe duka biyun, Baba."

"Ba a taɓa yin haka ba, kuma ba a kanka za a fara ba. Tashi ka tafi."

Na fita ina ƙunƙuni, ina cewa tsohon nan ba shi da imani. A lokacin gani nake na fi kowa tausayin abokina.

Ranar yaye aka yanka ta kowa, tamu tana jingine a bango. Taro na watsewa Baba Malam ya yafito ni da sandarsa. "Ɗauko ta, shiga mota." Maigadi har ya miƙe tsaye yana kallonmu, don bai taɓa ganin tabarma ta fita a haɗe ba. Muka kama hanya sai Gashuwa.

Mahaifin abokina ya tarbe mu a zaure, ya kai mu ɗaki. Da ƙyar na gane abokina, fuskarsa ta kumbura, muryarsa ta dushe. Hawaye suka ƙwace mini. Ya ce, "Ɗan Kano, kai ne da kuka? Kaya aka sace maka?"

Aka tayar da shi zaune. Ya kama gefensa, na kama nawa, Baba Malam ya zaro wuƙa ya yi bisimilla. Sai abokina ya ce, "Baba, dakata. Kada a yanka."

Tsohon ya dube shi. "Me ya sa, ɗana?"

"Rabi ba zai ishe ni ba. In za a ɗauke ni, a cikinta nake so a naɗe ni."

Mahaifinsa ya juya ya fuskanci bango. Baba Malam kuwa, mutumin da ban taɓa ganin ya sassauta wa kowa ba, sai ya sauke hannunsa. Ya mayar da wuƙar kube, ya dafa kawunanmu, ya ce, "Kun gama, ku biyun. Allah ya yi muku albarka."

Mako bai zagayo ba Allah ya karɓi abinsa. A cikinta aka naɗe shi, ina cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Sai da na girma na gane da Baba Malam ya biye mini, da rabin tabarma kawai za ta je Gashuwa a hannun direba, ni ina Nguru ina ganin na sauke nauyi. Da ban sake ganinsa ba, da ban san abin da yake so ba. Tun daga ranar, in aka ce mini wani nawa yana kwance, ba na yin aike, ba na cewa a gaishe shi. Takalmina nake sawa in tafi.