Kawu Lado da Wayar da Ta Zauna Kujerar Miskine

Ranar da waya ta ci Kawu Lado a wasan eshek, darar Turawa mai sarki da sarauniya da doki, ya miƙe a fusace, bencin ya ɗaga, ya faɗa da baya cikin robar ƙullun makala, wato fanke, na Hureira mai suya. Haka ya bi Titin Koudoukou har shagonsa na ɗinki, ƙullu na ɗiga daga wandonsa, ’yan acaba na yi masa sannu da dariya.

Wanda bai san Lado ba sai ya ce tela ne kawai. Mu maƙwabtansa mun san allura neman tuwo ce, eshek ne aikinsa. Tun yana saurayi ya koya wurin wani direban Duwala, kuma tun da aka kafa gasar unguwanni a rumfar bayan kasuwa, shi ke riƙe da kujerar farko ta unguwarmu, Kilomita Biyar. Gaskiya ya iya tura doki da sarauniya, amma rabin ƙarfinsa a bakinsa yake. Zai yi ta tsokanar mutum, da Hausa da Sango, har hannunsa ya ɗauki abin da bai yi niyya ba. Dokar rumfa kuwa, abin da ka taɓa shi za ka tura.

Da rikici ya yi tsanani aka datse hanyoyi, ’yan wasan unguwar Miskine suka daina zuwa. Wasu sun gudu Kamaru, wasu ba wanda ya san labarinsu. Don kada gasa ta mutu, Abdulsamad mai gyaran waya ya ce a ba wasan da ke cikin wayarsa kujerarsu: waya ta zaɓi tafiya, shi ya tura mata a kan allo. Sai ta dinga cin mutane ɗaya bayan ɗaya, har ta kai Lado cikin ƙullu.

Wanda aka ci gida da waje, sauka yake daga kujerar farko. Saura wa Lado karawa ɗaya ke nan da waya.

“Kawu, yau ka bar surutu,” in ji Abdulsamad da suka zauna. “Wannan ba ta da kunne.”

Lado bai ko kalli wayar ba. Ya tura soja, ya ce, “Ɗana, jiya Ikram ta kawo ɗinki.”

Duk unguwa ta san Abdulsamad na neman Ikram. Ya tura abin da waya ta ce.

“Atamfa mai tsada,” in ji Lado. “Ta ce ta biki ce.”

Wasa ya yi nisa, waya ta matse Lado a lungu, gumi na keto masa, bakin dai bai tsaya ba.

“Na ce bikin wa? Sai ta rufe fuska. Amma na ga Ja’afaru mai canji ne ya sauke ta a babur.”

“Wane Ja’afarun?” Abdulsamad ya ɗago, hannunsa ya sauka kan sarauniya maimakon dokin gefenta da waya ta zaɓa.

“An taɓa!” rumfa ta ɗauka gaba ɗaya.

Duk inda sarauniyar ta je, akwai mai jiranta. Lado ya ɗauke ta a hankali, kamar mai zare zare daga riga. Daga nan wayar ma ba ta iya ceton sarkinta ba. Hureira ta rangaɗa guɗa, ta yafe masa ƙullunta.

Abdulsamad ya tashi yana huci. “Wallahi Kawu ba wayar ka ci ba, ni ka ci!”

Lado ya gyara zama a kujerarsa, ya ce, “To gobe ka ce mata ta zo da hannunta.”